Kwamfutar Ƙungiya: A Sayi Wadda Za Ta Karɓi Kowane Layi

Bayan kaka, sa'ad da ƙungiyar gama kai ta sayar da hatsinta ta kuma biya bashin taki, akan sami ɗan abin da ya ragu a hannun ma'aji, sai a zauna a yi shawarar abin da za a yi da shi. Dā sikeli ake saye, ko injin feshi, ko buhunan ajiya. A 'yan shekarun nan kuwa an fara kawo shawarar sayen kwamfutar allo, watau kwamfutar hannun nan mai faɗi kamar allon karatu, wadda 'yan kasuwa suke ce wa tab. Shawara ce mai kyau. A cikinta magatakarda zai rubuta sunayen 'yan ƙungiya da girman gonar kowa da bashin da ke kansa. Da ita za a ɗauki hoton tsutsar da ta faɗa wa masara a aika wa malamin gona, a tambayi farashi a Dawanau kafin a ɗauki shatar mota, a karanta hasashen damina da hukumar NiMet take fitarwa a farkon kowace shekara. Ga shi rubutunta manya ne, dattijo yana iya karantawa ba sai ya matse ido ba.

Amma fa kuɗinta kuɗin buhunan masara ne da dama, gumin mutum ashirin ko talatin. In an sayo ta aka kai ƙauye ta ƙi kama sabis, hasarar ba za ta tsaya ga kuɗi kaɗai ba. Wanda aka aika Kano ya sayo zai sha zargi, har wasu su ce ya ci wani abu a ciki, irin wannan zargi kuwa yakan watsa ƙungiya. Saboda haka, 'yan'uwa manoma, muka ga ya kamata mu yi bayani a kan abin da za a duba tun kuɗi suna aljihu.

Daga Bebeji zuwa Riruwai

Wanda ya tashi daga Kano ya bi titin Zariya ta ƙasar Bebeji da ta Kiru har Kwanar Ɗangora, ba safai wayarsa take rasa sabis ba, gama kamfanoni sukan jera ƙarafunan sabis inda motoci da jama'a suka yi yawa. Gonakinmu kuwa ba a bakin kwalta suke ba. Da ka saki babban titi ka gangara ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Tiga, ko ka kama hanyar Tudun Wada ka ratsa dajin Falgore ka nufi Doguwa, sai labari ya sake. Ƙasar Riruwai da Zainabi duwatsu ce, dutse kuwa ba ya barin sabis ya ratsa shi. Ƙauye biyu masu jin carar zakaran juna, ɗaya yana kallon ƙarfen sabis tsaye a fili, ɗayan kuwa tsauni ya tare masa.

Ƙarfen sabis abu ne mai cin kuɗi. Sai an zuba masa man dizal ko an sa masa sola da batura, sai an ajiye mai gadi. Kamfani ba ya kafa shi sai ya lissafa yawan masu kira a wurin, lissafin wannan kamfani kuwa dabam yake da na wancan. Shi ya sa za ka tarar wannan unguwa layi kaza ne yake kamawa, in ka haye rafi sai wani. Kada ku yarda da mai ce muku layi kaza shi ne sarki ko'ina. A gidansa yake magana. Ko a gari ɗaya ma, ƙarfe guda da aka kafa bana ya isa ya juya abin da aka sani bara.

Manoma sun riga sun ɗanɗana wannan. A shekarar 2012 Gwamnatin Tarayya ta fara shirin GES na rabon taki mai rahusa, inda ake aika wa manomi saƙo ta wayarsa ya je ya karɓi buhu biyu a kan rabin kuɗi. Cikin manyan matsalolin da shirin ya fuskanta a karkara har da rashin sabis: saƙo ya makara, ko a je wurin rabo na'ura ta kasa tabbatar da sunan mutum. Tun daga lokacin abubuwan da ake yi ta waya sai ƙaruwa suke yi, daga rajistar tallafi har biyan kuɗin hatsi, kamar yadda kowa ya gani a farkon 2023 sa'ad da takardun kuɗi suka yi wuya.

Ko inda sabis yake da ƙarfi ma, yakan ɗauke. Ran 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet guda huɗu da aka shimfiɗa ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma suka yanke, data ta yi ta wahala a layuka da bankuna da yawa, amma wayar teku ta kamfanin Glo ba ta cikin waɗanda suka yanke. Mai layi biyu a ranar ya sami inda zai raɓa. Sai dai kada a ɗauka layi biyu maganin kome ne. Yawancin ƙarafunan nan ba na kamfanonin waya ba ne, hayarsu suke yi daga kamfanoni irin su IHS, sau da yawa kuma kamfani biyu ko uku suna rataye a ƙarfe ɗaya. In man wannan ƙarfe ya ƙare, tare za su mutu.

Kamfanoni ma sukan sake

Akwai wani dalili kuma da ya sa ba a son na'urar da aka ɗaure da kamfani ɗaya. MTN da Econet suka fara aiki a watan Agusta 2001. Econet ɗin nan ya zama Vmobile, ya zama Celtel, ya zama Zain, kafin ya zama Airtel a 2010. Glo ya shigo a 2003. Etisalat ya zo a 2008, ya koma 9mobile a 2017, sa'an nan a watan Agusta 2025 ya sake suna zuwa T2. Waɗannan dai suna nan. Amma masu ɗan shekaru za su tuna da wayoyin Starcomms da Visafone, waɗanda ba su aiki da layin kowa sai na masu su. Starcomms ya durƙushe, MTN ya saye Visafone a 2016, wayoyin kuwa suka koma abin wasan yara. Kwamfutar da ƙungiya za ta saya, ana fata ta yi shekara huɗu ko biyar tana aiki. Wa ya san kamfanin da zai fi ƙarfi a ƙauyenku a lokacin?

Ko tana da wurin sa layi?

Wannan tambaya kamar ta raini ce, amma a nan ake fara faɗuwa. Kamfanonin da ke ƙera kwamfutar allo sukan fitar da iri biyu masu suna ɗaya da kama ɗaya: mai karɓar katin sim, da wadda ba ta shiga intanet sai ta jingina da Wi-Fi na wata na'ura. Ta biyun ta fi araha, ita mai neman rahusa yakan ɗauko. Abin da yake ruɗin mutane shi ne, ita ma tana da ɗan aljihu a gefe, amma na katin ajiya ne. A duba lambar samfuri da ke bayanta. Misali, a Samsung Galaxy Tab A8, SM-X200 ba ta ɗaukar layi, SM-X205 ce take ɗauka. Haka a Tab A7 Lite, SM-T220 ba ta ɗauka, sai SM-T225.

Masu sha'awar iPad su lura da abu uku. Wadda ba ta ɗaukar layi ba ta da GPS, watau ba za a iya zagaya gona da ita a auna girmanta daidai ba. Mai ɗaukar layin kuma ba a buga kira ko lambobin duba kuɗi da layin da ke cikinta, sai an cire shi an sa a waya, ko a yi ta manhajar kamfani. Sa'an nan sababbin iPad Pro da iPad Air da aka fitar tun daga watan Mayu 2024 ba su da aljihun kati sam, sai layin da ake rubutawa a cikin na'ura, wanda ake kira eSIM. MTN ya fara ba da irinsa a 2020, Airtel a 2023, amma wannan sha'ani ne na ofishin kamfani, ba abin da magatakarda zai zare ya sauya a gindin bishiya ba ne. A ganinmu, ƙungiyar ƙauye ta nemi mai Android mai aljihun kati, in da hali mai ɗaukar layi biyu.

Kullen kamfani

A ƙasarmu mutum yakan sayi wayarsa dabam, layinsa dabam, don haka sababbin na'urorin Tecno da itel da Infinix da Samsung da aka kawo domin kasuwar Nijeriya a buɗe suke zuwa. A wasu ƙasashe ba haka ba ne. Kamfanin layi ne yake ba mutum na'ura bashi yana biya wata-wata, don kada ya gudu da ita wurin abokin gasa sai a kulle ta, ta ƙi kowane kati sai nasu. Kanada ta hana sayar da wayoyi a kulle tun Disamba 2017, Ingila ta bi sahu a Disamba 2021, amma a Amurka ana yi har yanzu. Daga can kuwa ake shigo da na'urorin hannu masu yawa da ake kasawa a kasuwannin waya na Kano, a titin Beirut da Farm Centre, kasuwar nan mai sunan noma da kayan waya.

Alamar kulle ba ta ɓuya. Da ka sa layin da ba nata ba, sai ta fito da rubutun Turanci tana neman lambar buɗewa, ko ta ce ba ta yarda da katin ba. Mai kaya zai ce maka, "Ai ƙaramin abu ne, yaro zai buɗe maka yanzu." To, ya buɗe tukuna, a gabanka, kafin ka ƙirga kuɗi. Buɗewa ta gaskiya daga kamfanin da ya kulle take fitowa, shi kuwa ba ya buɗe na'urar da ba a gama biyan bashinta ba ko wadda aka ba da rahoton an sace. Buɗewar bayan fage wani lokaci takan riƙe, wani lokaci kuwa da na'ura ta sabunta manhajarta ko aka goge ta sai kulle ya dawo, ga ku can Dariya ko Yaryasa, ga mai buɗewa a Kano.

Akwai wasu kulle-kullen da ba na layi ba amma sun fi shi muni. In mai na'urar na fari bai cire asusunsa na Google ko na Apple ba, ran da aka goge ta za ta nemi kalmar sirrinsa, shi kuwa yana wata duniya. Wasu kuma na makarantu ne ko na ma'aikatu a ƙasashen waje, har yanzu suna ƙarƙashin ikon masu su. Maganin duka ɗaya ne: mai kaya ya goge ta tas ta koma kamar sabuwa, ya kunna ta, ta shiga intanet, ta kai ka har fuskar farko ba ta nemi sunan kowa ba. Har wa yau, ƙananan akwatunan intanet na aljihu da kamfanonin layi suke sayarwa da tambarinsu a jiki, galibi a kulle suke da layin mai tambarin. Wanda ya yi niyyar sayen kwamfuta marar layi ya haɗa ta da irin wannan akwati, ya san ya koma gidan jiya.

Maganar zango

Yanzu mun zo wurin da ko masu sayarwa da yawa ba su gane ba. Na'ura tana iya zama a buɗe sarai, ta karɓi katin kowa, amma ta kasa kama 4G na wani kamfani. Dattawan da suka yi zamani da akwatin rediyo za su fi yara saurin fahimta. Kun tuna akwai rediyo mai gajeren zango da matsakaicin zango, akwai kuma mai FM kaɗai. In rediyonka ba shi da mita 49, kome ƙarfin tashar da ke watsa shiri a wurin, ba za ka ji ta ba, ba kuwa don an kulle rediyon ba, kunnen ne ba a yi masa ba. Haka sabis ɗin waya yake. Hukumar sadarwa ta NCC takan sayar wa kowane kamfani zangon da zai yi aiki a kai, kowace na'ura kuma akwai zangunan da aka ƙera ta da su.

Zangunan 4G lamba ake ba su, a sa harafin B a gaba. B3 shi ne megahaz 1800, kusan kowane kamfani a ƙasar nan yana aiki da shi, shi ne kuma Airtel ya fara 4G a kansa. B7 shi ne 2600. B20 shi ne 800, wanda MTN ya samu ta hanyar sayen Visafone. B28 shi ne 700, a kansa Glo ya fara 4G a 2016, kuma mutane da yawa a lokacin sun sayi katin suka tarar wayoyinsu ba su ji shi ba. Tsohon sabis na 2G yana kan 900 da 1800, na 3G kuwa yana kan 2100.

Ga abin da ya shafe mu mutanen karkara. Zango mai ƙaramar lamba, irin 700 da 800 da 900, shi ne mai doguwar tafiya. Yakan kai nesa da ƙarfe, ya fi jure wa itatuwa, ya fi shiga ɗakin ƙasa mai kaurin bango. Mai babbar lamba, irin 2600, yana ɗaukar kaya da yawa amma ba ya nisa, don haka a birni aka fi cin moriyarsa. Kamar tambari ne da sarewa: sarewa ta fi iya zance, amma tambari ake ji daga bayan gari. Saboda haka kwamfutar da ba ta da B20 da B28 tana iya yin gudu kamar iska a shagon mai kaya a Kano, inda B3 da B7 suka cika gari, in an kai ta gefen dajin Falgore ta koma rarrafe, alhali wayar da ke kusa da ita mai layi iri ɗaya tana kan 4G.

Na'urorin da aka yi domin Amurka su ne suka fi wannan ciwo. Zangunansu na gida su ne irin su B2 da B4 da B12 da B13. Wani abin ruɗi kuma, B12 da B13 su ma a kan 700 suke, sai mai kaya ya nuna maka 700 a takarda ya ce ga shi nan. Ba ɗaya ba ne da B28, ba kuwa za su ji shi ba. Lambar da ke bayan harafin B za ka duba. A rubuta wannan a takarda a ba wanda za a aika: B1, B3, B7, B8, B20, B28. In ba a rubuta su a kwali ba, a sa lambar samfurin a intanet a karanta.

5G kuwa, kada a ƙara ko kwabo dominsa. MTN ya fara shi a 2022 a manyan birane bakwai har da Kano, Airtel ya biyo a 2023, amma zangonsa na 3500 ne, gajeren tafiya gare shi.

Ranar saye

Kada a aiki mutum ɗaya. A tafi su biyu ko uku, da layukan kamfanoni dabam-dabam, kowanne da 'yar data a ciki. A sa su ɗaya bayan ɗaya. Kowane layi a jira a ga sunan kamfani ya fito, a ga alamar 4G ko LTE a sama, a kashe Wi-Fi, sa'an nan a buɗe wani shafi a ga ya buɗu. Kashe Wi-Fi ɗin nan wajibi ne, gama shaguna da yawa suna da nasu, sai ka ga intanet na gudu ka zaci layinka ne. A buga *310# a ga ko tana nuna ragowar kuɗi. A buga *#06#, lambar shaidar na'urar mai suna IMEI za ta fito, a gwada ta da wadda ke jikin kwali, a sa mai kaya ya rubuta ta a rasiɗi da sunan ƙungiya. A kuma roƙi sharaɗin kwana biyu ko uku na mayarwa in ta ƙi aiki a gida, a rubuta shi. Mai kayan kirki ba ya jin tsoron wannan.

Wani lokaci layi yakan kama, sanduna su cika, amma intanet ta ƙi. Kafin a ce na'ura ba ta da kyau, a duba wani saiti mai suna APN, watau sunan ƙofar da kowane kamfani yake shigar da mutanensa intanet ta ciki. Yawancin na'urori da kansu suke cika shi, amma waɗanda suka zo daga waje sukan riƙe na kamfaninsu na dā. Na MTN shi ne web.gprs.mtnnigeria.net, na Airtel internet.ng.airtel.com, na Glo kuwa gloflat. A rubuta su a bangon littafin ƙungiya.

A auna gari kamar yadda ake auna gona

In an iso gida, akwai aikin yini ɗaya da zai hutar da ƙungiya shekara guda. A cikin saitin layi akwai wurin da ake ce wa na'ura ta nemo kamfanoni da hannu. In aka taɓa shi, bayan minti ɗaya ko biyu za ta jero duk kamfanonin da take ji a wurin, har waɗanda ba ku da katinsu. Wani lokaci lamba take nunawa maimakon suna: 62120 Airtel ne, 62130 MTN, 62150 Glo, 62160 kuwa T2. Da wannan za a san layin da ya cancanci a saya.

Sa'an nan a zagaya wuraren da ƙungiya take aiki, watau wurin taro, da rumbun ajiya, da gonar ƙungiya, da bakin kasuwa, a gwada kowane layi a rubuta. Harafin E a sama yana nufin 2G, ya isa aika gajeren saƙo amma hoto zai sha wuya. H ko H+ 3G ne, ba laifi. Kada a dogara ga sanduna kaɗai, gama ƙarfin muryar ƙarfe suke nunawa, ba su nuna yawan mutanen da suka hau kansa. Ran kasuwar Tudun Wada sanduna suna iya cika fal amma saƙo ya ƙi tafiya saboda cunkoso, da asuba kuwa ya wuce nan take. A gwada da rani, a sake gwadawa da damina sa'ad da itatuwa suka yi ganye dawa ta yi tsawo. Mai son ƙididdiga ya duba cikin bayanin layi, zai ga wata lamba mai alamar ragi a gabanta. A 4G, -85 sabis ne mai kyau, -110 kuwa yana bakin mutuwa. Taku ashirin zuwa kan tudu yakan sauya ta ƙwarai. A tuna kuma, na'ura a wurin da sabis ba shi da ƙarfi ta fi shan batir, domin ƙoƙarin ɗaga murya take yi. In ana aikin rubutu kawai, a kashe data.

Layukan su ma dukiyar ƙungiya ne

Layi biyu sun isa: babba na kullum, da na ko-ta-kwana. A zaɓe su daga abin da aka auna. Akwai abin lura ɗaya: a 2025 hukumar NCC ta amince masu layin 9mobile, watau T2, su riƙa hawa sabis ɗin MTN inda nasu bai kai ba. Wannan ya taimaki masu layin, amma inda haka take, haɗa waɗannan biyu kamar ɗaure akuya biyu ne a turke ɗaya.

Datar da aka saya a layi ɗaya ba ta bin na'ura zuwa ɗayan, tana kuma da ranar ƙarewa. Tun da aka yarda wa kamfanoni ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairu 2025, ɓarnar data ta zama ɓarnar kuɗi sosai. A sayi ta wata a babban layi, ƙaramin kuwa a sa masa ta yini ko ta mako ran da ake bukata. Tun 2023 lambobin duk kamfanoni iri ɗaya ne: *311# sa kati, *312# sayen data, *323# duba ragowar data. A hana na'ura sabunta manhajoji da kanta, a bari sai an shiga gari. Manhajojin aikin gona da dama, irin RiceAdvice ta cibiyar AfricaRice mai ba da shawarar takin shinkafa, an yi su ne su yi aiki a gona ba sabis, sai an dawo a aika. Awon gona da GPS ma ba ya bukatar sabis, daga tauraron ɗan'adam yake ji.

Kada a jefa ƙaramin layin a akwati a manta. A ƙa'idar hukuma, layin da ya yi wata shida ba a yi kome da shi ba ana iya dakatar da shi, in ya ƙara wasu wata shida a ba wani lambar. Kira ɗaya a wata ya isa ya raya shi. WhatsApp ɗin ƙungiya kuwa ba ya damuwa da layin da ke ba shi data, zai ci gaba da aiki da lambar da aka buɗe shi da ita ko an sauya kati, sai dai lalle katin wannan lamba ya kasance a raye a hannunku domin ranar da za a nemi lambar tabbatarwa.

Tun Disamba 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN. Ma'anar wannan ita ce, layin ƙungiya a idon kamfani na mutumin da ya yi rajistarsa ne. In ya ɓace, shi kaɗai zai iya zuwa a sake masa. In ya yi ƙaura zuwa Saminaka, ko ya yi fushi ya bar ƙungiya, ya tafi da shi. Don haka a zaɓi mazaunin gari wanda kowa ya yarda da shi, a rubuta cikin littafin taro cewa layi mai lamba kaza na ƙungiya ne ko da yake da sunan wane aka yi rajista, shi da shaidu biyu su sa hannu. Kada a sayi layin da aka riga aka yi wa rajista a bakin hanya, laifi ne, kuma ba ku san sunan wanda kuke ɗauke da shi ba. Layin da ke haɗe da asusun banki kuwa kada ya kwana cikin kwamfutar da take yawo hannu-hannu. Ya zauna wurin ma'aji, a sa masa lambar sirri.

In an auna aka ga kamfanin da ƙungiya take kai ba shi ne mai ƙarfi a garin ba, ga shi kuwa dillalai da malaman gona duk wannan lamba suka sani, ba sai an yar da ita ba. Tun 22 ga Afrilu 2013 ana iya ƙaura da lamba daga kamfani zuwa kamfani kyauta. Wanda ya yi rajistar layin zai je ofishin sabon kamfanin da shaidarsa, ya cika takarda, ya aika kalmar PORT zuwa 3232. A cinye kuɗi da datar da ke ciki tukuna, gama ba su bin lamba, kuma akwai wa'adin da sai ya cika kafin a sake wata ƙaurar.

Akwai ƙauyukan da za a yi duk wannan awo a tarar ba kamfanin da ya kai. A nan ba laifin na'ura ba ne, takardar awon kuwa ba ta zama banza ba. In ƙarfe yana nan amma ya mutu, a kira 300 a kai ƙara wurin kamfani, a karɓi lambar ƙarar a rubuta. In ba su gyara ba, a kira hukumar NCC kyauta a 622 a ba su wannan lamba. In kuwa ƙarfen ne babu sam, dokar sadarwa ta 2003 ta kafa wani asusu mai suna USPF domin tallafa wa kai sabis yankunan da kamfanoni ba su ga riba ba. Ƙungiyoyin gunduma ɗaya su haɗa takardun awonsu, da sunayen ƙauyuka, da yawan gidaje, da ranar kasuwa, su rubuta wasiƙa ɗaya ta hannun dagaci da hakimi zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisar tarayya na mazaɓarsu, su ajiye kwafi a littafin ƙungiya.